Ƙaurace wa Amazon daga Garwa

Malam, ka ce za ka daina sayayya a Amazon, ko zai yiwu? Hujja kam akwai: hukumar CNIL mai kare bayanan sirrin mutane a Faransa ta ci kamfanin tara kan tsananta sa ido ga ma'aikatan rumbunansa.

Barin sayayyar ba wuya, tunda Amazon ba shi da rumbu a Kamaru, yawanci ɗan'uwa a Faransa ke karɓo kaya. Batirin kwamfuta ne? Kwafi lambar da ke jikinsa ka ba masu sarin Duwala ko Kano. Sunan kwamfutar kaɗai bai isa ba, sai a kawo wanda bakinsa bai shiga.

Wahalar tana ga AWS, reshen Amazon mai ba da hayar sabar, wato manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke aiki a kansu. Netflix, dandalin kallon fina-finai, ma a kan AWS yake, don haka ko kallonsa ka yi ba ka ƙaurace wa Amazon ba. Audible (na sauraron littattafai) da Twitch (na bidiyo kai tsaye) kuwa mallakar Amazon ne.