Me ya sa jirgin Landan zuwa Tokyo ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah nawa ne nisan Landan zuwa Tokyo a jirgin sama? Na ga a taswira jirgin yana yin baka ta sama maimakon ya miƙe, kuma an ce min dawowa ta fi tafiya daɗewa, wai haka ne? Daga Maryam.

AMSA: Wa alaikumussalam Malama Maryam. Nisan ya kai kusan kilomita 9,600 in an bi hanya mafi kusa, kuma wannan bakan da kika gani shi ne hanya mafi kusan, taswirar ce ke ruɗar mutane domin duniya a mulmule take, an shimfiɗa ta ne kawai a takarda. Ki samu ƙwallo ki ɗiga alama biyu a gefen sama, ki ja zare tsakaninsu har ya ɗame, za ki ga zaren ya lanƙwasa ta wajen ƙoƙon ƙwallon. To haka jirgi yake yi, shi ya sa a da yake ratsawa ta saman Sibiriya da ke ƙasar Rasha ya sauka cikin awa 12 ko ƙasa da haka.

Amma fa yanzu lissafin ya canza. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke, jiragen Birtaniya ba sa shiga sararin samaniyar Rasha, na Japan ma sun daina bi, dole sai zagaye. A tafiya galibi ta Turkiyya da tsakiyar Asiya da China ake bi, a dawowa kuma sau da yawa ta Alaska da Greenland, sai ka ga mutum ya yi awa 14 ko fiye a zaune a kujera ɗaya, ga ƙarin mai da kamfani zai sha, wanda a ƙarshe fasinja ne zai biya a tikiti. Ni wannan yana damuna wallahi, musamman tsofaffi da masu ƙananan yara. Ba yau aka fara ba ma, lokacin Tarayyar Sobiyet jirage da yawa sai sun sauka a birnin Anchorage da ke Alaska sun sha mai tukuna.

Batun dawowa kuwa gaskiya aka gaya miki, iska ce. Can sama wajen kilomita 10 akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gudunta kan wuce kilomita 200 a awa, shi kuma jirgi yana yin kusan 900. In gabas ya nufa tura shi take yi, in yamma ya nufa karo suke yi. Don haka in za ki sayi tikiti ki duba awannin tafiya daban, na dawowa daban, kada ki dogara da kilomita kawai.