Ko kallon bidiyon batsa na kai yaro ga yin fyaɗe?

Tambaya: Malam, na ɗauki wayar ɗana mai shekara 17 zan kira babansa, sai na tarar da bidiyon batsa jibge a ciki. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ana cewa kallon nan ne ke kai samari ga fyaɗe. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna, amma kada ki yi sake. Hukuncin addini a kan kallon kin san shi, ni abin da bincike ya nuna zan faɗa miki.

Masana sun fi shekara 50 suna jan wannan magana. Ƙasar Denmark ta halatta hotunan batsa a 1969, aka zuba ido a ga fyaɗe ya yawaita. Berl Kutchinsky na Jami'ar Copenhagen ya bi bayanan 'yan sanda, bai ga hakan ba. Milton Diamond ya duba Japan da Jamhuriyar Czech, shi ma haka. Sai dai ni ba na sakin jiki da alƙaluman 'yan sanda, don ke ma kin san yawancin fyaɗe a cikin gida ake binne shi, ba ya kaiwa caji ofis.

A 2016 kuma Paul Wright da abokan aikinsa suka tattara bincike 22 daga ƙasashe 7, suka ga masu kallon sun fi matsa wa mace lamba don saduwa, da baki ko da ƙarfi, kuma da alama abin ya fi yawa ga masu kallon wanda ake duka da wulaƙanci a ciki. Amma ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wani.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na Neil Malamuth, wani masani a Amurka. Ya gano haɗarin ya taru ne a kan namijin da dama can yana raina mata, yana jin haushinsu, kuma ya ɗauki saduwa kamar farauta. Irin wannan idan ya dulmiya cikin kallo, iska ce ta tarar da kaba na rawa. Wanda ba shi da wannan hali, da wuya kallo kaɗai ya mai da shi mai fyaɗe.

Don haka ki sa kunne. Yaya ɗanki yake yi wa ƙannensa mata magana? 'Yar aiki fa, ko yarinyar da ke kawo tallan gyaɗa ƙofar gida? Idan mace ta ce masa a'a, fushi yake ko haƙuri? Ki sa babansa ko kawunsa ya zauna da shi su biyu, ba tonon silili a gaban ƙanne.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan kin ga ƙananan yara a cikin bidiyon. Wannan laifi ne a doka, kuma yaro na gaske aka ci wa zarafi kafin a ɗauka. Ki raba ɗanki da kaɗaicewa da yara, ki kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a makon nan.