Dalilin da ya sa gonakin karkarar Amurka suke murabba'i

Malam, ka tambayi abin da ya sa gonakin jihar Nebraska ta Amurka suke kamar an yanka da wuƙa. Tushensa dokar awon ƙasa ce ta 1785. Kowace gunduma mil 6 ce tsawo da faɗi, an kasa ta gida 36, kowane gida eka 640, aka keɓe na 16 don makaranta.

Inda gizo ke saƙar shi ne duniya ba a shimfiɗe take ba, layukan da suka doshi arewa matsowa juna suke yi. Shi ya sa ake gyara awon, galibi duk bayan mil 24. A nan za ka ga hanya ta karya kwana kwatsam cikin gonar masara, sannan ta sake miƙewa arewa.