Hotunan Baba na tsohon filin jirgin Kandara: yaya zan adana su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a tsohon filin jirgin Kandara a nan Jidda. Ya bar mana akwati cike da hotunan jirage da na alhazai, da takardun wurin aikinsa. Wasu sun fara mannewa da juna. Ƙanena ya ce a sa su a manhajar da ke gyara hoto ta yi masa kala. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya gafarta wa Baba. Tun 1981 harkar jirage ta koma filin Sarki Abdul'aziz, don haka hotunan Kandara ba ko'ina ake samunsu ba.

Kada ki fara da manhajar nan. Duk inda hoto ya dushe, canka take yi ta cike gurbin. Duba jikin jirgin wajen wutsiya, za ki ga lambar rajista: in ta fara da HZ na Saudiyya ne, 5N na Najeriya, ST na Sudan. Da wannan lamba masu bincike ke gane jirgin da kamfaninsa. Manhaja na iya sauya harafi guda ba ki lura ba, haka ma kamannin Baba. In ƙanenki na son mai kala, ya yi a kan kwafi.

Ki fara da sikana, wato na'urar da ke kwafar hoto zuwa kwamfuta. Hotuna a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), takardu a 300, a ajiye su a tsarin fayil na TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto. A ɗauki bayan hoton ma, domin can ake samun kwanan wata da sunaye. In babu sikana, manhajar PhotoScan ta Google tana rage ƙyalli. Ki ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a wata ma'ajiya a gidan ɗan'uwa, da intanet. WhatsApp yana matse hoto, sai dai ki tura shi a matsayin fayil.

Waɗanda suka manne kuwa, don Allah kada ki ɓamɓare su. Laimar Jidda ce ta jawo, kuma jan su zai kwashe fuskar hoton. In suna cikin leda ki cire su, ki sa a ɗaki mai sanyi marar damshi, sannan ki tuntuɓi Darah, cibiyar adana tarihin Saudiyya da ke Riyad, suna da masu gyaran tsofaffin takardu.

Abokan aikin Baba da ke raye, ki kai musu hotunan tun yanzu su faɗi sunaye da shekaru, ki rubuta a sunan kowane fayil.