Mece ce ma'anar "aerobatics", kuma yaya ake amfani da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli bidiyon jiragen sama suna juyi suna fitar da hayaki mai launi, sai na ji mai sharhi yana ta cewa "aerobatics". Ni "aerobics" na sani, ta motsa jiki. Kalma ɗaya ce? Yaya zan sa ta a jimla?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ɗaya ba ne. "Aerobics" motsa jiki ne da ke sa numfashi ya hau. Ita kuwa "aerobatics" wasan gwaninta ne da jirgin sama: matuƙi ya yi alkafura da jirgi, ya mirgina shi, ya kifa shi ciki na kallon sama, ko ya miƙe tsaye kamar kibiya sannan ya sulalo. Ana furta ta e-ro-BA-tiks, nauyin murya a kan "ba".

Haɗin gambiza aka yi da kalmomi biyu. An ɗauko "aero", daga kalmar Girkanci mai nufin iska, aka liƙa mata wutsiyar "acrobatics", wato wasan tsalle-tsalle da alkafura irin na 'yan tafiya kan igiya. Ta fara bayyana a Turanci wajen 1914, kuma lokacin ya dace da tarihi. A watan Satumba na 1913, wani hafsan sojan Rasha mai suna Pyotr Nesterov ya yi cikakken zagaye a tsaye da jirginsa kusa da birnin Kiev, abin da ba wanda ya taɓa yi. Tukuicinsa na farko shi ne tsarewa, wai ya jefa kayan gwamnati cikin haɗari. A cikin watan nan kuma Adolphe Pégoud na Faransa ya tashi da jirgi a kife, shi ma ya yi zagayen. Sabon abu ya samu, dole aka nema masa suna.

Wajen nahawu, kada "s" ɗin ƙarshe ya ruɗe ka. Kalmar 'yar gida ɗaya ce da "gymnastics". In kana nufin fannin baki ɗaya, tilo ce: "Aerobatics is a demanding sport." In kuwa juye-juyen da aka yi a gabanka kake nufi, jam'i ce: "The aerobatics were superb." Ba a cewa "an aerobatic" a yi shiru, domin da zarar "s" ta faɗi kalmar ta zama sifa, sai ta jingina da suna: "aerobatic team", "aerobatic display". Ba ta da aikatau nata na kanta da aka saba ji, "perform aerobatics" ake cewa. Marubuta kan ara wa tsuntsaye ita ma, idan suna wulƙawa suna juyi a iska.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Za ka ji ana cewa "stunt flying" da ma'ana makusanciya, amma "stunt" tana da ƙamshin ƙundumbala da neman burgewa, shi ya sa yawancin masu sana'ar suka fi son "aerobatics". Ina ganin suna da gaskiya. Wannan aiki ne na lissafi. Tun 1960 ake gasar duniya a kansa, ta farko a Bratislava, babban birnin ƙasar Slovakia a yau, aka yi, kuma kowane juyi yana da alamarsa a rubuce, bisa tsarin da wani ɗan Sifaniya, José Luis Aresti, ya fito da shi. Matuƙi kan manna takardar alamomin a gabansa, alƙalai na ƙasa suna ba da maki. Lokacin da matuƙin ya ja jirgin da ƙarfi, nauyin jikinsa kan ninka sau shida ko fiye, jini ya gudu daga kai zuwa ƙafafu, sai ya ɗaure tsokar ciki da ta cinya don kada ya suma. A dokar jiragen Amurka ma an hana irin wannan tashi a kan unguwanni masu cunkoso, ko ƙasa da ƙafa 1,500 daga doron ƙasa, sai da izini na musamman. Don haka in za ka fassara, ka ce "wasan gwaninta da jirgin sama" ko "wasan alkafura da jirgi". Kada ka ce ganganci.

In jiragen da ka gani jajaye ne, hayakinsu ja da fari da shuɗi, to mai yiwuwa Red Arrows ne na sojan saman Birtaniya, waɗanda suka fara wasa a 1965. Sunansu na hukuma ma yana ɗauke da sifar: Royal Air Force Aerobatic Team. Amma ka lura, idan jirage suka wuce a jere kawai kan filin fareti ba tare da juyi ba, Turawan Ingila "flypast" suke kiran wannan, Amurkawa kuma "flyover".