Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ya daina fita

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya ƙara miki juriya. Kin ce tun da jarinsa ya karye, wata uku ke nan, ba ya fita ko masallaci, abinci sai ya tsakura ya ture, yana farkawa ƙarfe uku na dare barci ya gagara, dangi kuma sun ce sammu ne. Kina tambaya yaya za ki zauna da shi.

Abin da kika lissafa ya yi kama ƙwarai da ciwon damuwa. Ma'aunin likitoci shi ne mutum ya kai mako biyu a jere cikin ƙunci, ko abin da yake so a da ya fita daga ransa, ga rikicewar barci da cin abinci, ga kasala da yawan ganin laifin kansa. Naki ya wuce nan tuni. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana jin magani.

Saboda haka a fara da asibiti. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na tarayya da ke Barnawa, a Sakkwato akwai na Kware. In ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kada ki ja da shi. Ki ce a je a duba rashin barcin da ramar da ya yi, wannan ma gaskiya ce, kuma likitan babban asibiti zai iya farawa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya raka ku. Ki gaya wa likita komai, har da abin da maigida zai ɓoye: ko yana shan tiramadol ko maganin tari, ko kuma an taɓa yin lokacin da ya yi kwanaki ba ya barci amma yana cike da kuzari, ga surutu ga ɓarnar kuɗi. Wannan na ƙarshen yana sauya irin maganin da za a ba shi gaba ɗaya.

Inda aka fi samun matsala shi ne makonnin farko na shan magani, kuma a nan aikinki yake. Maganin ba ya aiki kamar farasitamol. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani har shida, kafin a ga sauƙi, amma illolinsa tun ranar farko suke bayyana. Amitriptyline, wanda aka fi bayarwa saboda araharsa, da daddare ake sha, yana busar da baki, yana sa nauyin jiki da safe da taurin bayan gida. Fluoxetine da safe ake sha, yakan kawo tashin zuciya da 'yar rashin natsuwa da farko. To mutum ya sha kwana biyar, bai ji daɗi ba sai ƙarin wahala, sai ya ce ba shi da amfani ya ajiye. Ki shirya masa zuciya tun kafin a fara, ki kuma riƙa miƙa masa da hannunki tare da ruwa. In illar ta yi yawa a koma wurin likita ya rage ko ya sauya. Bayan ya warware ma za a ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma a hankali ake janyewa. Yankewa lokaci guda na iya dawo da ciwon. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da su, sai dai kada kowa ya sa a ajiye maganin dominsu.

Yanzu maganar da take da nauyi. In kin ji yana cewa "na zame muku kaya" ko "gara in mutu in huta", kada ki ce ya bar faɗin haka. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ko kika ga yana raba kayansa yana neman yafiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. Tun yau ki fitar da fiya-fiya, shinkafar ɓera da maganin feshin gona daga gidan. Shi kansa amitriptyline in aka sha da yawa yana taɓa zuciya, don haka kwalin ya zauna a kulle a wurinki. Ki ƙara sa ido lokacin da ƙarfin jikinsa ya fara dawowa amma ƙuncin bai tafi ba.

A zaman yau da kullum, ki rage wa'azi. "Ka yi tawakkali, wasu sun fi ka shiga uku" ƙara masa ganin laifin kansa yake yi, shi da yake ji ya kasa riƙe gidansa. "Ina tare da kai" ta fi. Maimakon "me za ka ci?", ki ajiye masa kunu ko 'yar fura kaɗan kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini. Ki buɗe taga da safe, ki kai ruwan wanka. Safiya ce ta fi yi masa nauyi, saboda haka fita ki bari sai bayan la'asar: minti goma zuwa bakin layi, ko amininsa ya biyo su tafi sallar magariba. Ran da ya ƙi, ki ƙyale shi, gobe ki sake gwadawa.

Yara a gaya musu Baba ba shi da lafiya, yana shan magani, ba su suka ɓata masa rai ba. Ke ma ki samu mutum ɗaya cikin danginsa mai riƙe sirri da zai riƙa zama da shi ko yini ɗaya a mako, ki samu ki je gidanku ki yi barci.