Tambayoyin Masu Karatu: Jinyar Tsoho Mai Sankarar Da Ta Yi Nisa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Babanmu shekararsa 78, sankarar furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ta bazu masa zuwa ƙashin baya da ƙugu. Likitoci sun ce yanzu ba batun warkewa, sai dai a sauƙaƙa masa. Da dare nishi yake yi har asuba, allurar da ake masa ba ta riƙe shi. An ambaci mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, sai Yaya ya ce sam, wai ita ke ƙarasa mutum. Ni ke kwana da shi a asibiti, amma ni ce ƙarama, maganata ba ta da nauyi. Yaya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri.

Ki fara da littafi da biro. Duk lokacin da ciwon ya taso ki rubuta ƙarfe nawa, a ina yake jin sa, sannan ki tambaye shi ya auna miki zafin daga 0 (babu ciwo) zuwa 10 (ciwo mafi tsanani). Ki rubuta maganin da aka ba shi da awa nawa ya ɗauka kafin zafin ya dawo. "Bai yi barci ba" magana ce da likita ke ji kullum. Amma "an yi allura ƙarfe 10, ƙarfe 1 ciwon ya koma 8, haka kwana uku a jere" ba a wuce ta. Ki tsaya a bakin gado lokacin zagayen likitoci na safe da littafin a hannu, domin a nan ake canza magani.

Abin da muke zato yana faruwa shi ne ana jira sai ya yi kuka kafin a ba shi magani. Ciwon sankara ba a yi masa haka. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'ida: a ba da magani ta baki in zai yiwu, kuma bisa agogo, ba sai zafi ya zo ba. Mofin na ruwa ana shan sa duk awa 4. Ga tsoho likita kan fara da kaɗan, kamar miligiram 2.5, ya riƙa ƙarawa har ciwon ya kwanta, kuma ya rubuta wani ƙari na musamman don zafin da ya ɓullo a tsakani. Ki tambayi wannan ƙarin da bakinki, ana yawan mantawa da shi. Ki kuma tambaya ko an duba ƙodarsa, domin in ƙoda ta raunana maganin yana taruwa a jiki.

Tsoron Yaya yana da dalili: mutane sun saba ganin an kawo mofin a kwanakin ƙarshe, sai su ɗora masa laifin abin da cutar ta yi. In an auna shi daidai ba ya gajarta kwana. Kada ki yi jayayya da Yaya a gaban Baba. Ki nemi likita ya zauna da ku duka minti goma, kuma a tambayi Baba kansa abin da yake so muddin hankalinsa na nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin sanin halin da yake ciki da zaɓin da ke gabansa. Jikinsa ne, maganarsa ke gaba da ta Yaya da taki. Bayan zaman ku tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa magana da likitoci, kuma wanda ke kwana a wurin ya fi cancanta.

Mofin yana ɗaure ciki, kusan babu wanda ke tsira. Ranar da aka fara shi a fara maganin sassauta ciki, irin su senna ko lactulose. In Baba ya kwana uku bai yi bahaya ba a faɗa. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko sukan wuce. Wanda ba a jira a kansa shi ne barcin da ba a iya tashinsa ko numfashin da ya yi ƙasa da 8 a minti ɗaya. Kuma don Allah a daina sayo diclofenac a kemis ana ƙara masa a ɓoye, yana cin ciki yana lalata ƙoda.

Ciwon ƙashi sau da yawa yana sauƙi da gashin na'ura, wato a haska wurin da na'urar da ke ƙona sankara, wani lokaci zama ɗaya tak. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen wannan aiki, ki tambaya ko Baba ya dace. In kuwa kika ga ƙafafunsa sun yi rauni farat ɗaya, ko fitsari ya tsaya, ko yana zuba bai sani ba, a kira likita a daren nan: alama ce ta cewa cutar ta danne lakar baya, kuma awoyi ne ke raba tafiya da shanyewa.

TAMBAYA: Innarmu tana gida, an sallame ta da sankarar hanta. Ta daina cin abinci, 'yan'uwa suna cewa a ɗaura mata ruwa ko a yi mata ɗura.
Daga wani ɗan'uwa, Mabera.

AMSA: Kada a yi mata ɗura, abincin na iya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu. Cutar ce ta ɗauke mata yunwa, ba horon yunwa kuke yi mata ba. A tayar da ita zaune, a ba ta cokali biyu ko uku na kunu ko fura mai ruwa-ruwa in ta so, in ta kawar da kai a bari. Ƙarin ruwa a wannan mataki yakan ƙara kumburin ciki da ƙafa, don haka likita ne zai auna, ba taron dangi ba. Abin da ya fi damunta shi ne bushewar baki, balle a zafin Sakkwato: a riƙa jiƙa mata baki da auduga mai ruwa kowace awa, a shafa man baselin a leɓe. A juya ta duk awa 2, a duba ƙugu da duga-dugai ko sun yi ja. Masu dubiya kuma su shigo bibbiyu, su yi addu'a su fita.